Kafin Ka Tsoma Ƙafa a Tekun Busua

Duk wanda ya nemi sanin gaɓar teku mafi kyau a ƙasar Gana zai yi ta cin karo da sunaye iri ɗaya. Akwai Busua, mai nisan kimanin kilomita 30 yamma da Takoradi, sai maƙwabtanta Butre da Dixcove da Akwidaa, sai Cape Three Points inda ƙasar ta fi kutsawa cikin Tekun Atlantika, sannan Kokrobite a gefen Akara. Wuraren sun cancanci yabon da ake yi musu, ga farin yashi, ga inuwar kwakwa, ga ruwa mai ɗumi duk shekara. Sai dai yana da kyau mai shirin tafiya ya san su wa suka fitar da waɗannan sunaye. Galibinsu masu hawan igiyar ruwa ne a kan allo, waɗanda suka fara sa ido kan gaɓar Afirka ta Yamma tun bayan fim ɗin The Endless Summer na 1966, wanda aka ɗauki wani ɓangarensa a Dakar da Akara da Legas. In mai allo ya ce wuri ya yi kyau, nufinsa igiyar wurin tana da ƙarfi da tsayi. Ɗan zango daga Kumasi ko Tamale, ko baƙon da ya taso daga Kano ko Maraɗi, yakan ɗauka cewa an ba shi tabbacin wurin wanka ne. A wannan rashin fahimtar ne ake asarar rayuka, kuma ina ganin maganinsa shi ne mutum ya zaɓi gaɓa daidai da iyawarsa, ya kuma koyi karanta ruwa kafin ya taɓa shi.

Abin da ke cin mutane a irin waɗannan wurare yana da bayani mai sauƙi. Kowace igiya ta fashe, tana tura ruwa mai yawa zuwa gaɓa, kuma dole wannan ruwa ya koma inda ya fito. A gaɓa mai yashi akan sami tudun yashi a ƙarƙashin ruwa wanda ya miƙe daura da bakin teku, shi ne ma yake sa igiyar ta tashi ta fashe. Ruwan da ya taru a bayan tudun sai ya nemi inda yake da giɓi ko kwari, ya haɗu a nan, ya kwarara da ƙarfi zuwa cikin teku. Wannan makwarara ba ta cika faɗi ba, sau da yawa ba ta wuce mita 25, amma gudunta na yau da kullum yana kusan rabin mita a daƙiƙa ɗaya, kuma an auna wadda ta kai mita biyu da rabi, gudun da ya fi na zakarun ninƙaya na gasar Olamfik. Ƙungiyar masu ceto ta Amurka ta ƙiyasta cewa fiye da kashi 80 cikin 100 na mutanen da ake cetowa a gaɓoɓi masu igiya wannan makwarara ce ta ɗauke su, kuma tana kashe sama da mutum 100 a shekara a can, ƙasar da ke da masu gadin gaɓa da kayan aiki. Mafi yawan gaɓoɓin yammacin Gana kuwa ba su da mai ceto na dindindin.

Babban haɗarin shi ne yadda makwararar take yaudarar ido. Tunda wurin da take bi ya fi zurfi, igiya ba ta fashewa a kansa, don haka sai ka ga kumfa fari fat dama da hagu, a tsakiya kuma wani fili kwance lumui, launinsa ya ɗan fi duhu. Baƙo mai taka-tsantsan, musamman wanda ya zo da iyali, nan zai nufa kai tsaye, domin hankali ya ba shi cewa nan ne ruwan ya fi lafawa. Masu allo ma nan suke nufa, amma da niyya, saboda makwararar tana kai su bayan igiyoyi ba tare da sun wahalar da hannuwansu ba. Ganin matasa suna shiga ta wani wuri da allunansu ba shaida ba ce cewa wurin ya dace da kai. Su suna kwance a kan abin da ba ya nutsewa, an kuma ɗaure shi a ƙafarsu.

Wani zai ce shi a bakin kogi ya tashi, ya sha ƙetare Kogin Kwara ko Binuwai, ko ya yi iyo a madatsar Tiga tun yana yaro. Wannan iyawa tana da amfani, ba na raina ta, kuma ruwan gishiri ya fi ruwan daɗi ɗaga jiki. Amma ɗan kogi ya saba da ruwan da ke gudu a gefen gaɓa, in ya gaji sai ya karkata ya fita. A teku kuwa ruwan daga gaɓar yake fitowa, don haka wanda ya juya ya nufi tudu kai tsaye ya shiga kokawa da shi gaba da gaba, ga kuma igiya tana dukan fuskarsa kowane ɗan lokaci. Makwararar ba ta jan mutum ƙasa, waje kawai take fitar da shi, kuma ƙarfinta yakan mutu jim kaɗan bayan ta wuce inda igiyoyi ke fashewa. Gajiya da firgita ne ke nutsar da mutum, kuma wanda ya yarda da ƙarfinsa shi ya fi daɗewa yana wannan kokawa har numfashinsa ya ƙare.

Wani kuma zai ce shi ba ya wuce ruwa iya gwiwa ko iya ƙugu. Hakan ya fi, amma ƙasan teku ba shimfiɗaɗɗe ba ne, taku biyu na iya kai ka daga iya ƙugu zuwa iya wuya. Igiyoyi kuma rukuni-rukuni suke zuwa, bayan 'yan mintoci na lafawa sai manya uku ko huɗu su biyo juna, ta farko ta kayar da kai, ruwanta mai komawa ya kwashe yashin da ke ƙarƙashin ƙafarka. A nan tufafi suna da muhimmanci ƙwarai. Doguwar riga da zani da dogon hijabi suna shan ruwa su yi nauyi, su naɗe ƙafafu. Akwai kayan wanka masu rufe jiki baki ɗaya da aka ɗinka da yadi marar shan ruwa, kuma mace ko namijin da ke son kiyaye sutura ya nemi irinsu tun daga gida. Wanda bai samu ba, ya tsaya inda kumfa ke shafar idon sawu.

Game da zaɓen wuri, Busua ta fi sauran sauƙi ga baƙo, domin gaɓarta tana gangarawa a hankali, tana cikin lungu, kuma akwai masu koyar da hawan allo da ke wuni a bakin ruwan. Ko a nan ma makwarara tana buɗewa, musamman idan teku ta janye, lokacin da ruwa ya yi ƙasa a kan tudun yashi. Cape Three Points wurin kallo ne ga wanda bai ƙware ba, a hau wajen hasumiyar fitilar jiragen ruwa a ga yadda teku ke dukan duwatsu. A Dixcove da Butre akwai tsofaffin ganuwoyin Turawa, Metal Cross na mutanen Ingila da Batenstein na mutanen Holan, waɗanda ke cikin wuraren tarihi da UNESCO ta amince da su a 1979, kuma sun isa dalilin tafiya ko da ba a jiƙa ƙafa ba. A guji wanka a bakin kogi inda yake shiga teku, kamar na Butre da Akwidaa, da kuma gefen duwatsu, don ruwa yakan bi jikinsu ya fita. Lokaci ma yana da tasiri. Manyan igiyoyin wannan gaɓa daga guguwar kudancin Atlantika suke tasowa, sun fi ƙarfi daga wajen Mayu zuwa Satumba, watannin da masu allo ke ɗoki. Mai zuwa da yara ya fi dacewa ya zo da hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, lokacin da teku ta fi kwanciya.

In an isa, a tsaya a wuri mai ɗan tudu a kalli ruwan na tsawon minti goma zuwa sha biyar, har rukunin manyan igiyoyi ya zo ya wuce. A nemi giɓin da ba ya kumfa, da ruwan da ya gauraye da yashi yana miƙewa ciki, da ganye ko tarkacen da ke tafiya waje maimakon dawowa. Sannan a gaida masunta ko mai koyar da allo a tambaye shi inda ya kamata a shiga a ranar, domin tudun yashi yana sauya wuri bayan kowace babbar igiya, wurin da ya yi lafiya bara ba lallai ya kasance haka bana ba. Inda aka kafa tutoci masu launin ja da rawaya, tsakaninsu ake wanka. Kada a shiga da dare, kada a shiga a kaɗaice, kuma yaro ya kasance inda hannun babba zai kai gare shi, ba inda ido kawai ke hango shi ba. Ranakun Sallah da Kirsimeti da Ista, lokacin da gaɓa ke cika maƙil, su ne aka fi saurin ɓacewar yaro a idon kowa, don kowa na zaton wani na kallonsa.

Akwai masu cewa ruwa ba ya cin wanda kwanansa bai ƙare ba. Ajali na hannun Allah, babu musu, amma malamai ba su taɓa raba tawakkali da riƙo da sababi ba, kuma sababin a nan ba shi da tsada. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa mutum kusan 300,000 ne suka mutu ta hanyar nutsewa a 2021, kuma yankin Afirka ne ke kan gaba idan aka auna da yawan jama'a. Wanda makwarara ta ɗauka ya juya ya kwanta rigingine, ya buɗe hannuwa, ya bar ruwan ya tafi da shi yana numfashi, ya ɗaga hannu ɗaya yana kira. In yana da sauran ƙarfi ya yi iyo a kaikaice, daura da gaɓa, har ya kai inda igiyoyi ke fashewa, su za su turo shi tudu. Wanda ke kallo daga waje kuma kada ya faɗa ruwan hannu sake, domin an sha rasa mai ceto tare da wanda ya je cetowa, wani lokaci ma shi kaɗai. Ya ƙwala wa masu allo ko masu kwalekwale kira, ya jefa jarka rufaffiya ko ƙwallo ko duk abin da ke yawo a kan ruwa, wani kuma ya buga 112, lambar gaggawa ta Gana.