Kalmar «victimize»

Wanda ke sauraren rediyon Nijeriya, ko yake duba jaridun da ƴan kasuwa ke kawowa Maradi daga Katsina da Kano, zai gamu da wata kalmar Ingilishi: «victimize». Ana faɗinta kamar «biktimayiz». Ba baƙuwa ce sarai ba ga ɗan lakkwal, tun da ya san ƴar'uwarta ta Faransanci, «victime».

Su biyun kakarsu guda, ita ce kalmar Latin «victima». Wajen Rumawan dā, haka ake kiran dabbar da aka ware daga garke don a yanka wa gumaka. Dabbar nan ba ta yi laifin komi ba. Hannu dai ya faɗa kanta, sauran garken suka ci gaba da kiwo. Daga nan Ingilishi ya samu sunan «victim», watau wanda aka cuta ko wanda masifa ta auka wa. Wajen 1830 aka ƙara masa «-ize» a wutsiya, ya koma aikatau. Amurkawa na rubuta shi da z, a Ingila kuwa an fi ganin s.

Wasu na fassara shi da «zalunta». Ba su yi kure ba, amma akwai saura. Ga misali. Ma'aikata ashirin na wata masaƙa sun yi wata biyu ba albashi. Wannan zalunci ne, kuma ya game su duka. Sai guda ya miƙe, ya yi magana da yawunsu. Aka biya kowa. Daga ranar nan, aikin da ya fi wuya shi ake ba. Ya roƙi hutu, an hana. Wata safiya ya makara da minti biyar, aka kore shi, alhali wasu na makara kullum ba wanda ya tanka musu. Wannan shi ne «victimize»: a ware mutum guda, a dinga gasa masa, sau da yawa don ya buɗe baki. Bahaushe na da nashi: tsangwama, sa ƙahon zuƙa, bi-ta-da-ƙulli. Na ƙarshen ya fi dacewa da mutumen masaƙa. A Ingila har dokar daidaito ta 2010 ta hana a ƙuntata wa mutum don ya kai ƙarar nuna bambanci, kuma da wannan kalmar ta kira laifin.

Abin na faruwa a filin lakkwal ma. Yaro mai i'ina, ko wanda ya zo daga ƙauye, in shi kaɗai ake wa dariya kullum, ana ƙwace masa alli, to an yi masa abin da kalmar ke nufi. Amma wanda bai yi aikin gida ba, mushe ya hore shi kamar yadda yake hora kowa, ba shi da bakin faɗinta.

Cikin jimla an fi jin «He was victimized», watau an tsangwame shi. Mai aikin ya ɓuya, kamar yadda yake ɓuya bayan «an» na Hausa. Mai kuka ba kullum yake iya kiran sunan wanda ya fi ƙarfinshi ba.

Waɗanda ambaliya ta ci gidajensu «victims» ne, amma ba kasafai ake ba ruwa wannan aikatau ba, don ruwa ba ya zaɓe. Wani lokaci kuma kalmar na nufin damfara, kamar a sayar wa tsohuwa maganin jabu.

Tambayoyi

1. Mi «victima» ke nufi wajen Rumawa?
2. Mi ya raba abin da aka yi wa ma'aikata ashirin da abin da aka yi wa gudan?
3. A yi jimla biyu da «bi-ta-da-ƙulli».