Amsoshin Tambayoyinku: In sa katafila ta share min dajin da na gada?

Tambaya: Ina zaune a Gyadi-Gyadi, amma mahaifinmu ya bar mana fili mai faɗi a ƙasar Sumaila, inda ya yi ta harbi tun yana saurayi. Yanzu sabara da kalgo sun cinye wurin. Wani abokina a Tarauni ya ce in ɗauko hayar katafila ta share shi cikin 'yan kwanaki, in noma wani sashe, in bar sauran don farauta da rani. Shin wannan dabara ce? Daga wani mai karatu, Gyadi-Gyadi, Kano.

Amsa: Malam, Allah Ya jiƙan mahaifinku, Ya sa albarka a abin da ya bari. Katafila tana da aikin da za ta yi maka a filin nan, amma ba share shi gaba ɗaya ba. Idan ka sake ta ta bi ko'ina, noman da farautar duk za su kuɓuce maka.

Kafin maganar inji, ka san inda iyakarka ta tsaya. Dajin Falgore ya shiga ƙananan hukumomin Sumaila da Tudun Wada da Doguwa, kuma gandu ne na gwamnati, ba a sara ba a harbi a cikinsa. Ka je wurin dagaci da mai unguwa, a kira maƙwabtan gona su nuna iyaka, a tabbatar babu burtali ko mashayar dabbobi a ciki. Toshe burtali ya sha jawo rigima tsakanin manoma da makiyaya. Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta ba ƙaramar hukuma ikon bayar da takardar filayen karkara, don haka ka nemi taka, ka kuma tuntuɓi jami'in gandun daji na yankin kafin a kayar da babban itace.

Abin da mai ba da hayar inji ba lallai ya gaya maka ba shi ne halin ƙasar kanta. Albarkar gona tana can sama-sama, a 'yar baƙar ƙasar da ruɓaɓɓen ganye ya yi shekaru yana tarawa, kamar maiƙo a saman miya. A yankinmu sau da yawa kaurinta bai wuce taƙi guda ba. Idan direba ya dasa bakin katafila don tumɓuke saiwoyi, wannan ƙasar yake kwashewa ya tara ta a gefe tare da kututture, ya bar maka jar ƙasa ko tsakuwa. Ga nauyi kuma: matsakaiciyar katafila kan kai tan 20, tana danne ƙasa har ruwa ya kasa shiga. Ruwan farko na damina sai ya bi ta sama da gudu, ya fara cin kwari. An gwada wannan a cibiyar binciken noma ta IITA da ke Ibadan, wadda ke da reshe a nan Kano. Masanin ƙasa Rattan Lal da abokan aikinsa sun kwatanta sassaben hannu da na inji a shekarun 1970 da 1980, suka tarar inda aka ture itatuwa aka yaƙushi saiwoyi da inji ya fi zaizaya nesa ba kusa ba. Injin da ke yanke itace daidai da ƙasa ya bar saiwa a ciki, ɓarnarsa ba ta kai haka ba.

Batun farauta kuwa, wannan sarƙaƙiyar da ta dame ka ita ce gidan zomo da zabon daji da makwarwa. A nan suke ɓuya, a nan tsuntsayen ke ƙwai. Ka tambayi kowane tsohon maharbi, zai gaya maka nama ba ya zama a fili fetal.

Don haka ka taƙaita aikin injin. Ya fitar maka da hanyar da mota za ta shiga, ya share zirin ƙasa a kewayen filin don tare wutar daji, in akwai gangare mai laka ya haƙa ɗan tafki. Tafkin nan zai jawo maka namun daji da rani fiye da duk wata dabara. A yi aikin bayan kaka, ruwa ya ɗauke amma ƙasa ba ta ƙeƙashe ba, kada a yi shi cikin damina. Ka shafa fenti a jikin duk itacen da ba ka yarda a taɓa ba: ɗorawa, kaɗanya, tsamiya, kuka, da gawo wanda ke zubar da ganye da damina ya bar wa amfanin gona rana. Ranar aikin ka baro Gyadi-Gyadi ka je ka tsaya da kanka, domin direban da aka bari shi kaɗai sauri yake nema. A rubuta yarjejeniya tun farko: wa zai sayi man dizal, wa zai biya motar da za ta ɗauko injin, kuma yaya lissafi yake ranar da ya lalace.

Sashen da za ka noma, sa 'yan ƙauyen su sassabe shi da gatari da adda, kaɗan-kaɗan kowace shekara. Ba duk kututture ake tonewa ba. A ƙasar Maraɗi, tun wajen 1983 manoma suka fara barin tohon kututture, suna zaɓar masu ƙarfi su datse sauran, abin da suke kira sassabin zamani. Da wannan aka maido da itatuwa a gonakin da suka kai kimanin hekta miliyan 5 a Nijar, ba tare da inji ba.

Shawarata, Malam, bana ka tsaya a hanya da tafki da zirin tare wuta. Ka ga yadda ruwa ke bi a filin damina guda kafin ka ƙara taɓa wani abu. In da sauran bayani, ka sake rubuto mana.