Tara Ruwan Sama da Adana Shi a Gida: Darasi Daga Maiduguri

A Maiduguri damina gajera ce. Ruwa yakan sauka sosai daga watan Yuni zuwa Satumba, ya fi ƙarfi a Agusta, kuma abin da ake samu a shekara yakan tsaya wajen milimita 500 zuwa 600. Sauran watanni takwas sai rani da hunturu da bazara, lokacin da zafi kan wuce digiri 40. A wannan lokaci ne mata da yara ke kwana a layin famfo, mai gida kuma yana ƙirga kuɗin da zai ba 'yan garuwa kowace safiya.

Hukuma ta daɗe tana neman maganin wannan. A shekarun 1950 da 1960 an haƙa rijiyoyin burtsatse a ƙasar Barno waɗanda ruwa ke ɓulɓulowa daga cikinsu ba tare da inji ba, amma a hankali ƙarfin da yawa daga cikinsu ya ragu. Farin shekarun 1970 da na 1980 ya sa Tafkin Chadi ya janye. A shekarun 1980 ɗin aka gina madatsar Alau a kan kogin Ngadda domin birnin ya sami ruwan sha da na noma. A watan Satumba na 1994 ruwa ya mamaye garin, a ranar 10 ga Satumba 2024 kuwa madatsar ta ɓalle, ambaliya ta ci unguwanni masu yawa, ta raba dubban ɗaruruwan mutane da gidajensu. Watau gari ɗaya ne ke fama da yawan ruwa a wata guda, ya koma fama da rashinsa bayan 'yan watanni. Gyaran madatsa aikin hukuma ne. Amma ruwan da ya sauka a kan rufin gida yana hannun mai gidan.

Lissafin rufi

Mutane da yawa ba su san yawan abin da ke zuba daga rufinsu ya bi lungu ba. Lissafin kuwa mai sauƙi ne: milimita ɗaya na ruwan sama a kan murabba'in mita ɗaya, lita ɗaya ke nan. Rufin kwano mai tsawon mita 10 da faɗin mita 6 yana da murabba'in mita 60. In an sami milimita 550 a shekara, lita 33,000 suka sauka a kansa. A cire kashi ɗaya cikin biyar saboda fantsama da yoyo da ruwan farko da za a zubar, saura wajen lita 26,000, watau ganga 130 mai cin lita 200. Gida mai mutum takwas, in kowa ya yi amfani da lita 20 a rana, wannan ruwa zai kai shi fiye da wata biyar.

Ashe ruwan yana nan, wurin ajiya ne babu. Ba kowane gida ne zai iya gina abin da zai ɗauke shi duka ba, kuma ba lalle ne a yi haka a shekara ɗaya ba. Wanda ya fara da ganga biyu bana, ya gina tanki baɗi, ya rage wa iyalinsa wahala gwargwadon abin da ya tara.

Daga rufi zuwa tanki

Rufin kwano ya fi dacewa. Ruwan soron ƙasa yakan zo da laka, na rufin ciyawa kuma da launi da wari. Waɗannan a bar wa lambu da wanki. A kafa indararo na kwano ko na roba a bakin rufi, a ɗan karkata shi zuwa wajen tanki don kada ruwa ya kwanta a ciki, a sa raga a bakinsa ta tare ganyen darbejiya, wanda Maiduguri ke cike da shi.

Ruwan farko ba na sha ba ne, kuma a nan ne aka fi yin kuskure. Wata takwas rufi yana tara ƙurar hunturu da kashin tsuntsaye da na ƙadangaru. Saboda haka ruwan da ya fara sauka a damina a kau da bututu, a bar shi ya wanke rufin ya tafi gindin itace. Har wa yau, a kowane ruwa, a zubar da bokiti ɗaya ko biyu na farko kafin a juya bututu cikin tanki.

Randa da ganga sun ishe mai farawa, sai dai kada a taɓa zuba ruwan sha a gangar da ta taɓa ɗaukar mai ko maganin ƙwari, ko da an wanke ta. Tankin roba yana da kyau in an ɗora shi a kan dakali mai lebur, a inuwa, domin wanda haske ke ratsawa yakan yi gansakuka. Mai neman abin da zai daɗe sai ya sa magini ya yi masa kewayayyen tanki na siminti da wayar raga, awo ɗaya na siminti, uku na yashi mai tsabta. Mai faɗin mita 2 da tsayin mita ɗaya da rabi yana cin wajen lita 4,700. Bayan an shafe shi a riƙa jiƙa shi aƙalla mako guda, a lulluɓe da buhu. Simintin da ya bushe da gaggawa a ranar Barno tsagewa yake yi. Ba sabon abu ba ne a duniya: a arewa maso gabashin Barazil, inda su ma fari ke damunsu, an gina wa gidajen karkara dubban ɗaruruwan tankunan siminti masu cin lita 16,000 kowanne.

Wasu sun fi son haƙa shi a ƙasa don ruwan ya yi sanyi. Wanda zai yi haka ya nisanta shi daga masai kamar mita 30, ya ɗaga bakinsa sama da ƙasa sosai. In ambaliya ta zo takan haɗa ruwan masai da na rijiya, daga nan kuwa amai da gudawa ke samun hanya. Tankin da ruwan ambaliya ya shiga sai an kwashe shi an wanke kafin a sake sha daga cikinsa.

Kowane iri aka zaɓa, murfi wajibi ne. Buɗaɗɗen ruwa rana ce ke shanye shi, sauro ya yi ƙwai a ciki, yaro kuma yana iya faɗawa. A sa murfi mai nauyi, a toshe bututun rarar ruwa da raga, a kafa famfo kamar taƙi ɗaya sama da gindin tanki don laka ta kwanta a ƙasa. Kada a tsoma guga ko moɗa a ciki. Ruwan sha, musamman na jarirai da marasa lafiya, a tafasa shi. Dakakken ƙwayar zogale tana kwantar da dattin ruwa ya yi garau, amma ba ta kashe dukan ƙwayoyin cuta.

Rabon lambu

Manoman firki na wajen Dikwa da Ngala sun san wannan ilmi tun kaka da kakanni. Sukan ja ƙananan kunyoyi su tsare ruwan damina har baƙar ƙasar ta sha ta ƙoshi, sa'an nan su dasa masakwa bayan ɗaukewar ruwa, su girbe dawa da rani ba tare da an ƙara ko ɗigo ba. Ƙasar kanta ita ce randarsu. A cikin gida ma haka: a janyo rarar tanki da ruwan tsakar gida zuwa rami mai taki a gindin zogale ko lemo, maimakon a sake shi ya bi titi.

Da rani kuma, sai a binne sabon tulu wanda ba a shafe ba har wuyansa, a cika shi, a rufe bakinsa, a shuka tumatir ko kuɓewa ko yakuwa kewaye da shi. Ruwan zai riƙa tsattsafowa ta jikin yumɓu kai tsaye zuwa saiwa, ba a ƙara masa sai bayan 'yan kwanaki. Ruwan alwala da na ɗaurayar kwanuka su ma a tara su a bokiti a ba itatuwa da yamma, amma mai sabulu da yawa kada a zuba shi a kan ganyen da za a ci.