Dama ko hagu? Zaɓen kujera cikin jirgin sama

Jirgin sama yana da tagogi a gefe biyu, dama da hagu. Abin da fasinjan dama yake gani, na hagu ba ya ganinsa. Mutane da yawa sau ɗaya ko sau biyu suke shiga jirgi duk tsawon rayuwarsu. In mutum bai zaɓi gefen da ya dace ba, sai ya wuce kusa da manyan duwatsu bai gan su ba. Shi ya sa matafiyi mai wayo yakan duba taswira tun kafin ranar tafiya.

Kusurwa huɗu

Duniya tana da kusurwa huɗu: gabas, yamma, kudu da arewa. Wanda ya fuskanci arewa, gabas tana damansa, yamma tana hagunsa. Wanda ya fuskanci gabas, kudu tana damansa, arewa tana hagunsa. Haka abin yake ga jirgi, gama fasinjoji suna fuskantar inda jirgin ya nufa.

Daga Agadas zuwa Arlit

Arlit tana arewa da Agadas. Idan jirgi ya tashi daga Agadas ya nufi Arlit, duwatsun Abzin suna gabas, wato dama. Cikinsu ne dutsen da ya fi kowane tsawo a ƙasar Nijar yake, a Bagazam. Tsawonsa mita 2.022 ne. A hagu kuwa, fili ne shimfiɗaɗɗe inda Abzinawa da Fulani suke kiwo bayan damina. Mai son ganin duwatsu sai ya zauna dama. Ran komowa jirgi yana fuskantar kudu, duwatsu sun koma hagu. Dole shi ma ya sake gefe.

Rana ma tana da tata magana

Rana tana fitowa gabas, tana faɗuwa yamma. In jirgin Arlit ya tashi da safe, rana da duwatsu duk suna dama. Haske yana kashe ido, duwatsu su yi duhu. Da la'asar kuwa, rana tana yamma, bayan mai kallo. Haskenta yana sauka bisa duwatsu, ana ganin ƙoramu da kwazazzabai sarai.

Abin da ke hana gani

Kujerar da ke tsakiyar jirgi tana daidai fiffike, fiffiken kuma yana rufe ƙasa. Gara a zauna gaba da shi ko can baya. Lokacin ɗari, hazo yakan rufe sararin sama, ba a ganin kome ko daga wane gefe. Wani lokaci kuma matuƙi yakan sake hanya saboda iska ko hadari. Wannan ba laifin taswira ba ne.

Wanda ya san gefen da yake so, sai ya je filin jirgi da wuri, ya roƙi ma'aikaci kujerar bakin taga cikin ladabi.

A riƙe

Kafin a zaɓi kujera, a san abu uku: inda jirgi ya nufa, inda abin kallo yake, da inda rana take.

Kalmomi

taswira: la carte
tagar jirgi: le hublot
fiffike: l'aile
hazo: la brume sèche

Tambayoyi

1. Jirgi ya fuskanci kudu. Wace kusurwa ce take damansa?
2. Don me la'asar ta fi safiya kyau ga mai son ganin duwatsun Abzin daga yamma?
3. Damagaram tana gabas da Yamai. Jirgi ya tashi daga Yamai zuwa Damagaram. Ta wane gefe ƙasar Nijeriya take?

Aiki

A fita filin makaranta da safe, a fuskanci arewa. Kowane ɗalibi ya nuna rana, ya faɗi ko tana damansa ko hagunsa.