Jar fitila ba lalacewa ba ce

A wani ƙauye bayan Kwanar Dangora, a ƙaramar hukumar Kiru, jama'a suka yi karo-karo aka sa musu sola a rijiyar burtsatse. Ni na yi haɗin. Na sa sensa a cikin rijiya sama da bakin sumo, wato injin da ke jan ruwa, na sa filota a tanki, na nuna wa shugaban kwamiti kowace fitila da abin da take nufi.

Da bazara ta yi tsanani ruwan ƙasa ya ja baya. Rana tsaka, lokacin da fanel ke ba da wuta sosai, sai kwantirola ta kashe injin, jar fitila ta kama, in rijiya ta sake tara ruwa ta tayar da shi. Aikinta ke nan. Daga Bebeji har Doguwa dutse ne a ƙarƙashinmu, ruwa ta tsagoginsa yake tsattsafowa, kuma kusancinmu da madatsar Tiga bai canza wannan ba.

Ba su neme ni ba. Suka ɗauko wani mai gyaran janareta, ya ce sensa ce ta mutu, ya yanke wayoyinta ya murɗe su wuri guda, ya naɗe da leda. Fitila ta koma kore, aka biya shi har da sa albarka.

Sumo da ruwan da yake ja yake hucewa. Haka ya yi ta juyi a busasshiyar rijiya har ya ƙone. Da muka zaro shi robobin ciki sun narke sun manne. Yara mata suka koma rafi da jarkoki cikin zafin Afrilu.

Shugaban kwamiti ya ce, "Malam, ai mun ɗauka wahalar da mu sensar take yi."

Na ce, "Baba, ita ce ke tsare muku dukiya."

Wallahi abin ya ƙona mini rai, don ba nan kaɗai ba ne. A injinan casar shinkafa na Tudun Wada na sha tarar da kwantakta an tokare ta da tsinke don kada obalod ya yanke wuta, maɓallin kashe gaggawa kuma an cire shi wai yara na taɓawa. Ranar da bel ya kama rigar ma'aikaci, da me za a tsayar da injin?

Masu rijiyar sola, kada a haɗe wayar sensa. Duk mai gyaran da ya kashe jar fitila bai gaya muku dalilin kamawarta ba, ku sallame shi. Ku ɗauki hoton lambar da ta fito a allo kafin ku kashe wuta. Ku riƙa gwada filota. Wayar at, wato wadda ke shiga ƙasa, ita ma ku duba ta kafin damina. Sensa dai, ko wane ne ya ce a haɗe ta, kada ku yarda.