Baiwa Ba Ta Jiran Kayan Aiki: Darasi Daga Rayuwar Lillian Schwartz

Gabatarwa

A makaranta irin tamu da wuya a rasa ɗalibi ɗaya ko biyu a kowane aji waɗanda bayan littafinsu na rubutu cike yake da zane-zane: mota, doki, ɗan ƙwallo, wani lokaci har da fuskar malamin lissafi. Yawancinmu mukan ɗauki wannan wasa ne kawai. Iyaye sukan ce, "Ka bar wannan shirme ka kama karatu." In lokacin zaɓen darussa ya zo kuma, sai mu raba kanmu gida biyu, 'yan kimiyya a gefe guda, 'yan adabi da zane a ɗaya gefen, kamar ba abin da ya haɗa mu. Shi kuwa mai son zanen yakan ce, "Ai da ina da kwamfuta ko kyamara mai kyau, da kun ga aiki."

A wannan darasi za mu duba rayuwar wata mace mai zane 'yar ƙasar Amurka, Lillian Schwartz, wadda tana cikin mutanen farko da suka yi hotuna masu motsi da kwamfuta. Abin da muke so mu gane shi ne, me ta riga ta mallaka kafin ta taɓa kwamfuta, kuma ta yaya ta same shi.

Tasowarta

An haifi Lillian a shekarar 1927 a birnin Cincinnati da ke jihar Ohio, a gidan Yahudawa 'yan ci-rani. Ita ce ta 12 cikin 'ya'ya 13. Ta yi ƙuruciyarta a lokacin babban karayar tattalin arziki na shekarun 1930, sa'ad da miliyoyin Amurkawa suka rasa aikin yi. Kuɗin sayen fenti da takardar zane babu su a gidan, don haka ta yi ta zane da abin da hannunta ya kai gare shi: alli, tabo, itatuwa da guntayen allon dutse.

A lokacin yaƙin duniya na biyu ta shiga wani shirin gwamnati na horar da 'yan mata aikin jinya. A can ta koyi yadda ƙasusuwa da tsokar jikin mutum suke, ta kuma koyi sarrafa farar ƙasar nan da ake ɗaure karaya da ita a asibiti. Wa zai ce wannan karatun mai zane ne? Amma daga baya duka biyun sun yi mata amfani wajen zanen siffar mutum da kuma sassaƙa.

Makarantar ciwo

Ta auri wani likita, kuma a ƙarshen shekarun 1940 aikin soja ya kai mijin nata birnin Fukuoka na ƙasar Japan, ita ma ta bi shi. A can ne cutar shan inna ta kama ta, ta shanye mata jiki na wani lokaci. Domin hannuwanta su dawo da ƙarfinsu, sai ta shiga koyon rubutun ado na Japanawa, wanda ake yi da buroshi da baƙar tawada.

Irin wannan rubutu ba ya karɓar gyara. In buroshi ya taɓa takarda, shi ke nan, ba sharewa ba gogewa. Saboda haka dole mai rubutu ya natsu, ya ga layin gaba ɗaya a zuciyarsa, inda zai fara, inda zai yi kauri, inda zai ƙare, kafin ya motsa hannu. Ita kanta Lillian ta bayyana daga baya cewa a wannan lokaci ne ta koyi kammala zane a cikin tunaninta tun ba ta ɗiga tawada a takarda ba. Mu riƙe wannan batu da kyau, domin za mu komo kansa.

Bayan sun koma Amurka, wata cutar kuma ta taɓa mata idon dama a shekarun 1950, ta rage mata gani. Mai zane da ciwon hannu, ga kuma ciwon ido, da ta ajiye buroshi ba wanda zai ga laifinta. Ba ta ajiye ba. Ta ci gaba da zane da fenti, ta koma haɗa abubuwa da roba da ƙarfe da fitilu.

Yadda ta haɗu da kwamfuta

A shekarar 1968 gidan adana kayan zane na zamani da ke birnin New York, wanda ake kira MoMA, ya shirya baje koli a kan dangantakar mai zane da na'ura. An karɓi wani aikin Lillian mai suna Proxima Centauri, wanda ta yi tare da wani injiniya mai suna Per Biorn. Wani ƙwallon roba ne mai haske a bisa baƙin akwati, launuka suna yawo a jikinsa, in mai kallo ya matso kusa sai ƙwallon ya nutse cikin akwatin.

A wurin wannan baje koli ta haɗu da wani masanin kimiyya, Leon Harmon, wanda ya gayyace ta zuwa Bell Labs a jihar New Jersey. A wancan lokaci ita ce cibiyar bincike ta kamfanin tarho na AT&T, inda aka ƙirƙiro tiransisto a 1947. A lokacin Lillian ta haura shekara 40, ga 'ya'ya, ba ta kuma da digiri a lissafi ko injiniyanci. Ta shiga a matsayin baƙuwa, ta yi shekaru masu yawa tana aiki ba albashi. Ta zauna da injiniyoyi tana tambaya, tana koyon lissafin da aikin yake bukata. Zamanta a wurin ya kai fiye da shekara 30.

Yadda hoto yake motsi

Kafin mu fahimci wahalar aikinta, sai mu san wani abu guda. Babu hoton da yake motsi da gaske. Fim jerin hotuna ne tsayayyu, kowanne ya ɗan bambanta da na gabansa. In aka nuna su da sauri, ido da ƙwaƙwalwa sai su haɗa su, mu ga kamar motsi. A fim ɗin silima akan nuna hoto 24 cikin daƙiƙa ɗaya. Ke nan minti ɗaya yana cin hoto 1,440, fim mai minti huɗu kuwa hoto 5,760.

Mai ɗaukar hoto ne ya fara buɗe wannan hanya. A 1878 wani Bature ɗan Ingila, Eadweard Muybridge, ya jera kyamarori 12 a gefen filin sukuwa a Palo Alto ta jihar Kalifoniya, kowace tana ɗaukar hoto yayin da doki yake wucewa ta gabanta. Hotunan suka nuna abin da ido ba ya iya kamawa, wato akwai lokacin da ƙafafun doki huɗu duka suke sama da ƙasa in yana sukuwa. Daga baya ya ɗauki dubban hotuna na mutane da dabbobi suna tafiya, suna gudu, suna tsalle.

Kwamfutar da Lillian ta tarar ba irin wadda muka sani yau ba ce. Na'ura ce mai cin ɗaki guda. Umarnin da za a ba ta sai an huda shi a jikin katuna, a miƙa tarin katunan, a jira. Kwamfutar ta yi lissafi ta ajiye sakamakon a faifan maganaɗisu, sannan wata na'ura dabam ta haska kowane hoto a ƙaramin gilashi, kyamara ta ɗauka a kan fim, a kai fim ɗin a wanke. Sai bayan duk wannan ne mai zane zai ga abin da ya yi. In an yi kuskuren huda ɗaya, sai a sake. Abokin aikinta Ken Knowlton ya riga ya tsara wani harshen kwamfuta na yin hotuna masu motsi mai suna BEFLIX tun 1963, wanda yake raba hoto zuwa ƙananan murabba'ai 252 a kwance, 184 a tsaye. Hotunan kuma baƙi da fari suke fitowa, launi sai an ƙara shi daga baya ta hanyar sake ɗaukar fim ɗin ta cikin gilasai masu launi.

To, a nan ne za mu komo kan abin da muka ce mu riƙe. Wane ne zai iya aiki da na'urar da ba ta nuna maka zanenka sai bayan dogon jira? Sai wanda ya saba ganin zane a zuciyarsa tun bai bayyana ba. Abin da ciwo ya tilasta wa Lillian ta koya a Japan, shi ne ainihin abin da kwamfuta ta nema daga gare ta bayan shekara 20.

Ayyukanta

Fim ɗinta na farko, Pixillation, ya fito a 1970, tsawonsa wajen minti huɗu. Da ta ga kwamfuta tana ba ta hotuna ƙalilan bayan dogon aiki, ba ta zauna jira ba. Ta ɗauko fenti ta zuba a kan gilashi, tana ɗaukar hotonsa ɗaya bayan ɗaya, ta haɗa da na kwamfutar har suka zama abu guda. A 1971 ta yi Olympiad, inda ta ɗauki darasi daga hotunan Muybridge na mutum mai gudu, ta sa kwamfuta ta fitar da siffofin 'yan tsere suna ratsa allo. Wanda ya yi kiɗan fim ɗin shi ne Max Mathews, injiniyan da ya yi fice wajen fara yin kiɗa da kwamfuta. Dubi yadda aikin mai ɗaukar hoto, da ilimin jikin mutum na ma'aikaciyar jinya, da lissafin injiniya suka taru a fim ɗaya. A 1984 wani ɗan gajeren fim na talla da ta yi wa gidan MoMA da kwamfuta ya ci lambar yabo ta Emmy.

Ta kuma yi amfani da kwamfuta wajen nazarin tsofaffin zane-zane. Wanda ya fi jawo magana shi ne na Mona Lisa, sanannen zanen da Leonardo da Vinci ɗan ƙasar Italiya ya yi, wanda yake gidan tarihi na Louvre a Faransa. Ta ɗauki rabin fuskar Mona Lisa ta haɗa da rabin wani zanen fuskar dattijo da ke birnin Turin, wanda ake ɗauka Leonardo ne ya zana kansa. Ta ga ido da hanci da baki sun dace, sai ta wallafa ra'ayinta a 1987 cewa da fuskarsa ya kammala zanen. Masana tarihin zane da yawa ba su yarda da ita ba. Wannan ma darasi ne gare mu: kwamfuta tana iya nuna cewa abu biyu sun yi kama, amma kama da wane ba wane ba ne, hukunci yana bukatar ƙarin hujja.

A 1992 ta wallafa littafin jagora ga masu zane da kwamfuta tare da ɗanta. A 2021 gidan tarihi na Henry Ford da ke jihar Michigan ya karɓi tarin finafinanta da takardunta domin adanawa. Ta rasu a watan Oktoba na 2024 tana da shekara 97.

Abin da za mu koya

Na farko, fasahar hannu baiwa ce daga Allah. A Littafin Fitowa sura 31 mun karanta yadda Ubangiji ya kira Bezalel da sunansa, ya ba shi hikima da gwaninta domin aikin alfarwa ta sujada. Saboda haka malamai da iyaye, mu yi hattara da kalmar "shirme". Mai yiwuwa abin da muke tsawata wa yaro a kai, shi ne abin da aka ba shi ya yi hidima da shi. Gyara yake bukata da horo, ya san lokacin zane da lokacin lissafi.

Na biyu, kada mu jira kayan aiki. Lillian ta fara da alli da tabo, kwamfuta ta same ta a kan aiki. A misalin talanti da ke Matiyu sura 25, bawan da aka hukunta ba don kasonsa kaɗan ne aka hukunta shi ba, sai don ya binne shi. Yau ƙaramar wayar hannu ta fi kwamfutar Bell Labs ta wancan zamani ƙarfi nesa ba kusa ba, amma waya ba ta koya wa kowa lura da haƙuri.

Na uku, kada ɗan ajin zane ya guji lissafi, kada ɗan kimiyya ya rena mai zane. Knowlton ya san harshen na'ura, Lillian ta san launi da siffa, aikin ya fito ne da suka zauna teburi ɗaya.

Na huɗu, lokacin wahala ba ɓataccen lokaci ba ne. A cikinmu akwai masu fama da ciwo, da waɗanda rashin kuɗin makaranta ya mayar gida na zango guda, da masu maimaita aji. Ba mu ce ciwo abu ne mai daɗi ba. Amma abin da mutum ya koya a irin wannan hali yakan zama jarinsa a ranar da bai zata ba.

Aikin gwaji da tambayoyi

1. Ka sami tsohon littafin rubutu. A kusurwar shafi 24 a jere ka zana ƙwallo, kana ɗan matsar da shi a kowane shafi, daga sama zuwa ƙasa, ya sake tashi. Ka saki shafukan da sauri da babban yatsa. Me ka gani? Aikin daƙiƙa nawa ka yi in a silima ne?

2. Fim mai minti 10 hoto nawa zai ci?

3. Ta yaya rubutun buroshi ya shirya Lillian domin aiki da kwamfuta?

4. Wace baiwa ce kake da ita wadda ka ajiye kana jiran kayan aiki? Me za ka iya farawa da shi a wannan hutu?

Allah ya ba mu hikimar gane abin da ya sa a hannunmu, da amincin yin aiki da shi. Amin.