Bango Ɗaya, Kallo Biyu: Musayar Bayanai Tsakanin Manhajojin Gini

Kusan kashi 30 cikin ɗari na makamashin da duniya ke amfani da shi a cikin gine-gine yake ƙarewa, wajen sanyaya ɗakuna da ɗumama su da haskaka su. Saboda haka injiniyoyi kan so su san yawan wutar da gini zai ci tun kafin a haƙa harsashinsa.

Manhajojin kwamfuta iri biyu ne ke wannan aiki. Da irin su Revit da ArchiCAD mai zanen gini ke fitar da siffar ginin. Ita kuwa EnergyPlus, wadda Ma'aikatar Makamashi ta Amurka ta fitar a 2001, lissafa zafin da ke shiga da fita take yi, awa bayan awa, har shekara ta zagayo. To, wahalar tana wajen miƙa bayanai daga ta farko zuwa ta biyu.

Ɗalibi ya lura da wannan misali. A wurin mai zane, bango abu ne guda mai kauri. A wurin manhajar lissafin zafi kuwa, shafi ne siriri da ke raba iska biyu, kuma dole a gaya mata abin da ke kowane gefensa. Idan dogon bango ya raba zaure da ɗakuna uku, wajibi ne a yanka shi gida uku, domin zafin kowane ɗaki daban ne. Haka kuma, idan aka cire kaurin bangaye, sau da yawa akan bar 'yar kafa a kusurwa, sai lissafin girman ɗakin ya ɓaci. Kwamfuta dai ba ta da hankalin cewa kuskure ne.

Don magance haka aka ƙirƙiro harsunan musaya. Tsarin gbXML ya fito a 2000 musamman domin lissafin makamashi. Akwai kuma IFC, na ƙungiyar buildingSMART, wanda ya fi shi faɗi. Bugunsa na 2013 ya ware wa irin wannan yankan bango gurbi na musamman. Duk da haka, zanen da ba a rufe ɗakunansa da kyau ba, babu harshen da zai cece shi.

Malamai na iya sa ɗalibai su zana taswirar ajujuwansu, su ƙirga gida nawa za a yanka kowane bango.